Chigorin na Rasha da Ilimin Buɗin Wasa: Darasi ga 'Yan Darar Kano ta Kudu

Maƙalar da aka gabatar a Doguwa, a taron malaman makarantun Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Mikhail Chigorin (1850–1908), gwanin darar ces na ƙasar Rasha, a gasannin da ya shiga tsakanin 1881 da 1907, sannan ta duba hanyoyin buɗe wasa da ke ɗauke da sunansa har yau. Hujjar da take kafawa ita ce: mutumin bai taɓa zama zakaran duniya ba, amma tunaninsa ya rayu saboda an rubuta wasanninsa taku bayan taku, duk mai so yana iya sake buga su ya yi musu gardama. Daga nan maƙalar ta waiwayo gida, ga dararmu ta gurbi, wadda take da gwanaye amma ba ta da rubutu.

Gabatarwa



Wani zai tambaya, me ya haɗa mutumin Doguwa da ɗan Rasha da ya kwanta dama fiye da shekara ɗari da suka wuce? Dara ce ta haɗa su. Ces dara ce ta mutum biyu, a kan allo mai gida 64, kowa da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, doki biyu, giwa biyu, da dakaru takwas. Layukan tsaye ana kiran su da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da suna, kamar e4 ko c6. Mai fari ne ke fara taku. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa har ya rasa mafita, shi ya ci.

Wasan ba baƙo ba ne a ƙasashen Musulmi. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, al-Adli da as-Suli sun yi rubutu a kan shaɗaranji, kakan ces, kuma sun tsara hanyoyin jera 'ya'ya a farkon wasa, kowace hanya da sunanta. Ba baƙo ba ne a ƙasarmu ma. A fadar Borno an yi wasan da ake kira tsatsarandi, inda sarki yake Mai, na kusa da shi Ciroma, hasumiya kuma Kaigama. C. K. Meek ya ba da labarinsa a mujallar Man a 1934, P. G. Harris ya ƙara bayani a 1939. Abin da ya rage mana na wannan wasa shi ne sunayen 'ya'yansa da yadda suke tafiya. Dabarun gwanayensa sun bi su kabari. Wannan asara ce ta sa na zaɓi yin magana a kan Chigorin.

Maraya daga Gatchina

An haifi Chigorin a 1850 a Gatchina, kusa da St. Petersburg. Iyayensa sun rasu yana yaro, ya tashi a makarantar marayu ta garin. Yana da shekara 16 wani malaminsa ya koya masa yadda ake tura 'ya'yan ces, amma bai kama wasan gadan-gadan ba sai da ya haura ashirin, lokacin yana ƙaramin ma'aikacin gwamnati. A ma'aunin yau, wanda ake samun yara 'yan shekara 13 da lambar babban gwani, ya makara ƙwarai. A gidan shayin Dominique, inda 'yan wasan birnin ke haɗuwa, Emanuel Schiffers yakan cire dokinsa guda daga allo kafin su fara, don wasan ya yi daidai. Kafin 1880 ta fita, almajirin ya doke malamin a karawa ta gaba da gaba.

A 1876 ya fara buga mujallar ces mai suna Shakhmatny Listok. Masu sayenta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a duk faɗin Rasha, kuma rashin kuɗi ya rufe ta a 1881. Bai daddara ba. Ya sake kafa wata, ya riƙe filin ces a jarida, ya yi ta faɗi-tashin kafa ƙungiyoyi, ya shirya wasanni ta hanyar wasiƙa tsakanin garuruwa masu nisa. Ina roƙon mahalarta su riƙe wannan, domin kafin duniya ta san shi da gasa, marubuci ne.

Tarihin gasanninsa

Fitarsa ta farko waje ita ce Berlin a 1881, inda ya raba matsayi na uku da Winawer, bayan Blackburne da Zukertort. A Landan a 1883 ya zo na huɗu, amma ya ci Wilhelm Steinitz a duka wasanni biyun da suka buga. Steinitz ya zama zakaran duniya na farko a 1886, kuma da aka ba shi damar zaɓen wanda zai kara da shi, sai ya zaɓi mutumin da ya kunyata shi a Landan. Suka haɗu a Havana ta ƙasar Kyuba a farkon 1889. Steinitz ya ci wasa 10, Chigorin ya ci 6, canjaras ɗaya tak, shi ma a wasan ƙarshe. Wasa 17 da kunnen doki guda: wannan kaɗai ya isa ya nuna irin mutanen da suka zauna a gaban allon. A wannan shekarar dai Chigorin ya raba matsayi na farko da Max Weiss a babbar gasar New York.

Karo na biyu a Havana, a 1892, shi ne ciwon da bai warke ba. Sharaɗi shi ne wanda ya fara cin wasa 10. Aka shiga wasa na 23 Steinitz yana da 9, Chigorin yana da 8. Chigorin ne da fari, kuma ya fi abokin karawarsa da ɗa babba guda. Nasara tana hannunsa, da ita kuma za a koma 9 da 9. Abu ɗaya ne barazana: hasumiyoyin Steinitz biyu sun shigo layi na biyu, suna kallon dakaren da ke h2, kusa da sarkin da ya maƙale a lungu. Giwar Chigorin da ke d6 ce kaɗai ke gadin wannan dakare daga nesa. A taku na 32 ya ɗauke ta da hannunsa ya kai ta b4. Steinitz ya cinye h2 da hasumiya, saura taku ɗaya sarki ya mutu. Chigorin ya miƙa wuya, sarautar duniya ta tafi ke nan, maki 12½ da 10½. Duk littafin da ke lissafa manyan kurakuran ces sai ya kawo wannan taku. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne, muna zaune a Doguwa bayan shekara fiye da 130, kuma za mu iya jera 'ya'yan a kan allo mu ga gidan da giwar ta bari.

Bayan haka ya yi kunnen doki da Siegbert Tarrasch na Jamus a St. Petersburg a 1893, kowa ya ci 9, canjaras 4. Sai Hastings ta Ingila a 1895, gasar da ta tara gwanaye 22, ciki har da sabon zakara Emanuel Lasker da tsohon zakara Steinitz. Chigorin ya ci Pillsbury na Amurka a zagayen farko, ya ci Lasker a na biyu, yana kan gaba har saura zagaye biyu, sai ya faɗi hannun Janowski cikin taku da bai kai 20 ba. Pillsbury ya ɗauki gasar da maki 16½, Chigorin 16, Lasker 15½. A ganina wannan ce ƙololuwar wasansa, duk da bai zo na ɗaya ba.

Sauran sai mu wuce da sauri. Ya ci Budapest a 1896 bayan raba gardama da Charousek. Ya ci gasannin zakarun Rasha uku na farko, a 1899 da 1901 da 1903. Ya ci gasar Vienna ta 1903, wadda aka wajabta wa kowa buɗe wasa da sadaukar da dakaren ɓangaren sarki. A Carlsbad a 1907 ciwon suga ya riga ya ci ƙarfinsa, ya ƙare can ƙasa. Ya rasu a Lublin a watan Janairun 1908.

Gardamarsa da Steinitz

Buɗin wasa shi ne takun farko goma ko goma sha biyar, inda kowa ke fito da rundunarsa yana neman riƙe tsakiyar allo. A zamanin Chigorin, Steinitz ne ya zo da ƙa'idoji: kada ka kai hari sai ka tara ƙananan fifiko, sarki yana iya kare kansa, dakaren da aka ba ka kyauta ka karɓa ka riƙe, ko da za ka sha matsi, giwa biyu sun fi doki biyu. Tarrasch ya ɗauki waɗannan ya mayar da su dokoki masu tsauri. Chigorin bai ce ƙarya ne ba. Matsayinsa shi ne kowane yanayi a kan allo yana da hukuncinsa, kuma ƙa'ida ba ta zama hujja sai an lissafa taku an ga ta tsaya. Halinsa irin na manomin da ba ya karɓar zancen sabon iri a baki, sai ya shuka kunya biyu a gonarsa ya ga abin da kaka za ta ce.

Gwajin ya zo a fili. A littafinsa na 1889 Steinitz ya ba da shawarar taku biyu da suka ba mutane mamaki. A buɗin Evans, inda mai fari ke sadaukar da dakare a b4, ya ce mai baƙi ya fito da sarauniya f6 tun a taku na 6. A kariyar doki biyu kuma ya ce mai fari ya janye dokinsa zuwa h3, can gefen allo, a taku na 9. Chigorin ya ce duka biyun ba za su yi ba, kuma a shirye yake ya nuna. Aka shirya wasa biyu ta wayar tangaraho, Steinitz a New York, Chigorin a St. Petersburg, daga ƙarshen 1890 zuwa 1891, kowa da kwanaki na yin tunani a kan kowane taku. Chigorin ya cinye duka biyun.

Sai dai maganar ba ta mutu a nan ba, kuma wannan shi ne daɗin rubutu. A 1963 Bobby Fischer ya tono takun nan na doki zuwa h3, ya buga shi a kan Arthur Bisguier, ya ci. Wato bayan shekara 72 wani ya buɗe tsohuwar shari'a ya ɗaukaka ƙara, saboda takardun shari'ar suna nan.

Buɗe-buɗen da ke ɗauke da sunansa

Na farko shi ne Kariyar Chigorin. Mai fari ya tura dakare d4, mai baƙi ya amsa da d5, mai fari ya kawo c4 yana tayin dakare. Abin da malamai suka koyar shi ne a tallafi d5 da wani dakare, ta e6 ko c6, kuma kada a toshe dakaren layin c da doki, domin shi ne zai fasa tsakiya daga baya. Chigorin sai ya ɗora dokin a c6 ɗin, daidai inda aka hana. Dalilinsa: dokin yana dukan d4 nan take, giwa za ta fito g4 ta kama dokin da ke gadin d4, idan ta kama ma a ba da ita a karɓi dokin. Mai baƙi ya rasa giwa guda da wani yanki na tsakiya, amma 'ya'yansa sun riga fita, kuma sau da yawa jerin dakarun mai fari ya karkace. Da irin wannan tsari ya ci Lasker a Hastings, doki biyu a kan giwa biyu. Ya rufe allon har giwayen suka rasa hanyar wucewa, dawakan kuma suka samu gidajen zama da babu mai korarsu. Gaskiya ita ce wannan kariya ba ta zama babbar hanya ba, kuma yawancin manyan gwanaye suna ganin mai fari yana ɗan fin ƙarfi a cikinta. Amma Alexander Morozevich ya farfaɗo da ita a shekarun 1990 ya ci manya da ita, har ya fitar da littafi a kanta.

Na biyu ɗan ƙarami ne amma yana koyar da yaro abu mai yawa. A kariyar Faransa, bayan e4 da e6, niyyar mai baƙi ita ce ya tura d5, idan an ci ya rama da dakaren e6. Chigorin, a karawarsa da Tarrasch, sai ya sa sarauniya a e2 a taku na biyu. A ido taku ne mara kyau, don ya toshe wa giwarsa hanya. Amma duba: idan mai baƙi ya tura d5 aka cinye, dakaren e6 ba shi da ikon ramawa, domin da ya gusa sarauniya tana kallon sarkinsa kai tsaye. Ita kuma giwar da aka toshe sai ta fita ta g2. Wannan jeri na d3 da g3 da giwa a g2 ya zama sanannen tsarin kai hari a ƙarni na ashirin.

Na uku ya fi su duka tasiri, kuma a nan nake so mu daɗe. A buɗin Sifaniya, wanda ake kira Ruy Lopez, giwar mai fari takan koma b3 tana hararar f7, gida mafi rauni a kusa da sarkin mai baƙi. Tsarin Chigorin shi ne: doki ya bar c6 ya tafi a5 ya kori giwar zuwa c2, dakaren c, da ya samu hanya, ya hau c5, sarauniya ta zauna c7 tana tallafar e5. Da taku uku mai baƙi ya kafa katanga a tsakiya, ya samu fili a ɓangaren sarauniya, ya bar mai fari yana neman ƙofa. Farashinsa shi ne dokin da ke a5, wanda yakan daɗe a gefe kafin ya samu hanyar dawowa, kuma yawancin gardamar da aka yi shekara da shekaru a kan wannan tsari a kan makomar dokin nan take. Keres da Smyslov da Petrosian duk sun dogara da shi a manyan gasanni. Mutumin da aka sani da sadaukarwa da kai farmaki, gadonsa mafi ɗorewa kariya ce ta haƙuri. Wannan ya nuna cewa masu kiransa ɗan hari kawai ba su karanta shi sosai ba.

Bayan rasuwarsa aka yi gasar tunawa da shi a St. Petersburg a 1909, wadda Lasker da Rubinstein suka raba, da wata a Masko a 1947 da Botvinnik ya ci, shekara guda kafin ya zama zakaran duniya. Marubutan Tarayyar Sobiyet sun riƙa kiransa uban makarantarsu. Akwai siyasa a cikin wannan kirari, don suna neman kaka ɗan gida da za su jingina da shi. Amma ba a banza suka zaɓe shi ba: mujallu da ƙungiyoyi da gasar ƙasa, shi ya sha wahalar aza tubalinsu.

Waiwaye gida

Ku je bakin kasuwa ko gindin bishiyar tasha da rani, bayan an gama kai amfani gida, a Burji ko Riruwai, a Kwanar Ɗangora ko Tiga. Za ku tarar da dattawa biyu sun tona gurabu a ƙasa, shida a jere sau biyar, ɗaya da tsinke goma sha biyu, ɗaya da tsakuwa goma sha biyu, 'yan kallo sun yi musu rumfa. Kafin a fara turawa sai an gama zubi: kowa ya ajiye ɗa guda, abokinsa ya ajiye, har 24 su zauna a gurabu 30, shida su rage fanko. Daga nan ake gusawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Ku lura da gwani a lokacin zubin nan. Hannunsa yakan tsaya a sama da tsakuwa kafin ya ajiye, domin ya san inda guraben banza shida za su faɗo shi ne zai raba wasan. Wani lokaci ana gama zubi za ka ji ɗan kallo ya ce, “Baba, ai an gama da kai,” alhali ba a tura ko ɗa ɗaya ba.

Wannan zubi shi ne buɗin wasa. Dattijon nan yana da nasa tsarin da ya gwada shekara arba'in, yana da amsar da yake ba kowane irin zubi, kuma ƙa'idojin ma sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Bambancinsa da Chigorin ba a kaifin ƙwaƙwalwa yake ba. Idan aka tashi, ƙafa ce ke share gurabun, wasan ya tafi. Idan dattijon ya rasu, tsarinsa ya bi shi, kamar yadda na gwanayen tsatsarandi ya bi su.

Ita ma ces ɗin tana da gurbi a makarantunmu. Ɗan Nijeriya Odion Aikhoje ya ci lambar zinare a allo na biyu a gasar ƙasashen duniya ta Elista, a Rasha, a 1998. Tunde Onakoya, wanda ke koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas wasan, ya yi awa 60 yana bugawa a New York a 2024 don tara kuɗin karatun yara. Armeniya ta sa ces cikin darussan firamare tun 2011. Yaron da ya taso yana kallon darar gurbi ba zai sha wahalar gane ces ba, kuma allon kwali da marafan kwalba sun isa a fara.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin iyayen yara za su yi ta ko mun yi ko ba mu yi ba. Imam Malik ya ƙi shaɗaranji, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, kuma mu nan Malikawa ne. Malaman Shafi'iyya sun tsaya a kan karhanci muddin babu caca, bai jinkirta salla ba, bai jawo zagi ba. Bai dace wani malamin makaranta ya kawo allo aji ba tare da an zauna da limamai da iyaye ba. Abin da zan kai gabansu shi ne darasi mai lokaci ƙayyadadde, babu ko kwabo a tsakani, kuma kowane yaro da biro da takarda yana rubuta takunsa, don a koya masa lissafin abin da zai biyo baya kafin ya miƙa hannu, da yarda da kuskure idan takarda ta nuna shi. Hukuncin nasu ne.

Kira ga mahalarta

Rubuta darar gurbi bai fi ƙarfin ɗan aji biyar ba. A sa wa layuka shida haruffa daga a zuwa f, a sa wa biyar ɗin lambobi daga 1 zuwa 5, kowane gurbi ya samu suna. Zubi sai a rubuta sunan gurbin kawai. Turawa a rubuta inda ɗa ya tashi da inda ya sauka. Ci a sa alama. A saman shafi a rubuta gari da kwanan wata da ƙa'idar da aka bi, da sunayen 'yan wasan idan sun amince.

Ina roƙon kowane malami a zauren nan, daga Bebeji har Riruwai, ya sayi littafin rubutu guda, ya ɗauki ɗalibai biyu, ya je wurin dattawan da garinsu ya sallama wa a dara, ya gaishe su, ya nemi izini, ya rubuta wasa goma kafin damina ta kankama kowa ya koma gona. Mu zo da littattafan nan taro na gaba mu jera su, mu ga ko zubin Ƙiru ɗaya ne da na Tudun Wada.